Tsaka da Laifin da Aka Jingina Mata

Ruwan fari ya sauka a Mashi da la'asar sakaliya, ƙasa ta yi ƙamshi, kafin a idar da sallar isha shinge ya cika gari. Ina zaune a teburin wani mai shayi a bakin titin da ya taso daga Katsina ya nufi Daura. Ƙwan sola guda ne rataye a jikin bangon shagon, shingen kuwa ya yi masa rumfa. Can sai ga tsaka tana leƙowa daga ƙarƙashin kwano, wata ta biyo ta, wata ta ɓullo daga tsagar bulo, har na ƙirga shida. Kowacce ta kama wuri a gefen hasken ta lafe kamar zane. Da ƙwaro ya matso sai ta yi wuf ta cafke shi, ta girgiza kai, fukafukai su zubo ƙasa.

Yaron shagon ya tuɓe silifas ya ɗaga. Ubangidansa ya daka masa tsawa: "Kai, bari sai mutane sun tashi, kada ka jefo mana ita cikin madara." Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai in ta faɗa ciki, duk wanda ya sha sai dai wani, ba shi ba." Na ce, "Baba, ka taɓa ganin wanda tsaka ta kashe?" Ya dube ni ya yi murmushi. "Ɗana, ba sai na gani ba. Haka muka taso muka tarar."

Ni ma haka na tarar. Goggona takan zubar da ruwan randa gaba ɗaya, ko da rani ne ana sayen jarka da tsada, in ta hango tsaka kusa da bakin randar. Ana cewa in ta lashi ƙwarya ko ta yi fitsari a abinci, mai ci zai kamu da kuturta ko albaras, in kuwa ta dahu a cikin miya to gida ya tashi. Ba Hausawa kaɗai ke faɗin haka ba. Larabawa na kiranta sammu abras, a wasu ƙasashensu kuma abu burais, sunayen da suka fito daga tushe ɗaya da kalmar albaras ɗin da muka aro daga gare su. Zargin ya daɗe, kuma ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso zaurukanmu.

A nan sai na rarrabe abu biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai hadisai a Bukhari da Muslim da suka zo da umarnin kashe wazaga, wadda malamanmu suka fassara da tsaka, har aka ambaci cewa ta hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim, alaihissalam, a ciki. Wannan fagen malamai ne, ba shi na zo taɓawa ba. Abin da ya kawo ni shi ne maganar da jama'a suka ɗora daga baya, wato dafi da kuturta. Wannan batu ne na likitanci, ana iya auna shi, kuma an auna.

Tsaka ba ta da dafi. Cikin ire-irenta sama da 1,500 da masana suka ƙididdige a duniya, ba a samu ko guda mai jakar dafi a baki ko mai guba a fata ba. Dangin ƙadangaru da aka tabbatar cizonsu na kai mutum asibiti saboda dafi suna can Amurka ta Arewa da ta Tsakiya, musamman Meziko, kuma ba su haɗa zuri'a ta kusa da tsaka ba. Tamu ta gida in ka kama ta takan buɗe baki ta yi kurari, wani lokaci ta ɗan ciji yatsa, amma haƙoranta da ƙyar suke huda fata.

Kuturta kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Armauer Hansen, ya gano a garin Bergen a 1873. Tana wucewa ne daga mutum zuwa mutum ta feshin hanci da baki, sai kuma an daɗe ana zama tare da mai cutar da bai fara shan magani ba. Yawancin mutane ma jikinsu na kare su ko sun haɗu da ita. Abin da ya sa asalinta ke ɓacewa mutane shi ne jinkirinta: takan kwanta a jiki kimanin shekara 5 kafin ta nuna, wani lokaci har 20. Wanda ya wayi gari ya ga tabo a damtsensa ba zai tuna wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi shekara bakwai baya ba, amma zai tuna tsakar da ya gani jiya a bango, da farar fatarta mai dabbare-dabbare, ga ta kuma tana saɓa tana barin farin ɓawo. Ido ya ga kama, sai zuciya ta yanke hukunci. Albaras ma ba ruwansa da tsaka. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kan ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma ba a ɗaukarsa daga kowa.

Ƙasar Katsina ta san kuturta sani na haƙiƙa. Asibitin kutare na Babbar Ruga, da takwarorinsa na Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato, tun zamanin Turawa suke karɓar masu ita. Yau cutar na warkewa da haɗin ƙwayoyi na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba maganin kyauta. Alamar farko ita ce tabo mai haske a fata wanda in an taɓa ba a ji. Wanda ya je asibiti a wannan mataki yakan warke ba tare da ya rasa ko yatsa ba. Wanda kuwa ya yi imani tsaka ce ta lashe shi, sai ya nufi jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, shekara ta zagayo, jijiyoyi su mutu. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar camfin, ta fi ta ruwan randa nesa ba kusa ba.

To amma kada a ce na wanke ta tas, domin tana da nata laifin. Duba ƙasan bangon da take kwana za ka ga ɗan kashinta, baƙi mai farin kai. A cikin wannan kashi ana samun ƙwayar cutar salmonela, mai sa zawo da amai da zazzaɓi. Masu bincike a Jami'ar Nsukka sun ciro ta daga hanjin tsakar gida tun shekarun 1980. Ƙadangare ma na ɗauke da ita, kaza ma haka, ɓera ma haka. Ke nan goggona ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Inda ta kauce shi ne wajen magani: da ta rufe randar da faifai ta rataye moɗa a ƙusa, da ba ta yi asarar ruwanta ba. Tuwon dare da aka bari a buɗe a ƙarƙashin azara, furar da aka dama tun hantsi ta wuni cikin zafin bazara, nonon da ƙuda ya gama yawo a kai, waɗannan su ne kan kwantar da gida guda. In aka leƙa tukunya aka tarar da mushen tsaka, shi ke nan an samu mai laifi, ba wanda zai sake tambayar awa nawa miyar ta yi a buɗe.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Saboda tsoron tsaka da sauro da kyankyaso, gidaje da yawa na yayyafa fiya-fiya a ɗaki, a rufe ƙofa da taga, wani lokaci kwanon abinci na nan a gefe, yara na barci a tabarma. Sinadarin da aka fi haɗa ta da shi maganin ƙwarin gona ne, guba ce ta gaske da ke shiga ta numfashi da fata, har ta kai a 2019 hukumar NAFDAC ta hana ƙananan kwalabensa da ake sayarwa barkatai. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: dabbar da ba ta da dafi ake gudu, ana kawo dafin da hannu a kwalba.

Yanzu bari mu dubi halittar kanta, domin shekarun da muka yi muna jifarta da takalmi ba su ba mu damar kallonta ba.

Fara da ƙafa. Ƙadangare na hawa katanga da farce, shi ya sa in ya zo kan gilashi sai ya zame. Tsaka kuwa tana tafiya a kan gilashi, ta bi silin a kife, ta tsaya cak a saman kanka. Da can an yi zaton wani danƙo take fitarwa, wasu suka ce tafin nata na tsotsar bango ne kamar ƙahon wanzami. Duk ba haka ba ne. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai layi-layi na faifai, kowane faifai cike da gashi siriri wanda kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na gashin kan mutum ba. A wata babbar tsaka ta ƙasashen Asiya da aka fi yin bincike a kanta, an ƙirga kimanin gashi 14,000 a fili mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita ɗaya. Kowane gashi kuma bakinsa ya tsattsage gida ɗaruruwa, kamar tsintsiyar da ta tsufa. Waɗannan ƙananan bakuna suna kusantar bango matuƙar kusanta, har ƙwayoyin zarra na ƙafar da na bangon su fara jan juna. Jan kowane guda bai taka kara ya karya ba, amma in miliyoyi suka haɗu sai su riƙe dabbar ko da yatsa ɗaya ta rataya. Kellar Autumn da abokan aikinsa a Amurka ne suka auna ƙarfin gashi guda a shekarar 2000. Abin da ya fi burge ni shi ne sakin. In za ta ɗaga ƙafa sai ta naɗe yatsun sama daga baki, gashin ya sauya kwana, riƙon ya warware nan take. Tana yin haka sau da yawa cikin daƙiƙa guda tana gudu, kuma ƙura ba ta toshe tafin, yana kakkaɓe kansa da kansa a cikin tafiya. Injiniyoyi sun shafe shekaru suna kwaikwayon wannan tafi don ƙera abin manne marar gam da na'urori masu hawa bango.

Sai ido. Yawancin tsaka ba su da fatar ido, ba sa ƙiftawa. Wani siririn murfi ne garai-garai ya rufe ƙwayar, in ya yi ƙura sai ta zaro harshe ta lashe. Mai yiwuwa wannan lasar da ake gani ta ƙara wa camfin lasa ƙarfi. Da rana baƙin idon kan tsuke ya zama tsaga a tsaye, da dare ya buɗe ya cika idon. Masu bincike a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun gwada wata ƙaramar tsaka ta gaɓar tekun Maroko da Muritaniya, suka tarar tana bambance launi a cikin hasken farin wata mai rauni, inda mu komai ya koma mana toka-toka. Lissafinsu ya nuna idonta ya fi namu kama haske sau 350 wajen ganin launi. Ga ta kuma da murya, abin da yawancin dangin ƙadangaru ba su da shi. Wannan ɗan sauti da kake ji daga bayan kabad da tsakar dare, kamar mai yin tsaki, namiji ne ke shelar wurinsa ko yake kiran mace. Macen kan saka ƙwai biyu, farare masu tauri kamar ƙwayar gujiya ƙarama, ta ɓoye su a tsagar bango ko bayan tsohon akwati, ta yi tafiyarta.

Mu a nan duk tsaka muke ce musu, amma ba iri ɗaya ba ne. Wadda ta fi yawa a gidajen Afirka ta Yamma masana na kiranta Hemidactylus angulatus, mai ƙuraje-ƙuraje a baya. A yankin Sahel akwai wata mai kauri da faɗin kai, daga zuri'ar Tarentola, da ke son ɓawon tsofaffin itatuwa irin su gawo da bagaruwa, tana kuma shiga gine-gine. A kan duwatsu akwai mai yatsu kamar mafici. Akwai kuma wata ta ƙasa mai kitsen wutsiya, daga Senigal har Kamaru, wadda ita tana da fatar ido kuma ba ta hawa bango. Mutanen karkara da dama na tsoronta fiye da maciji, alhali daga Gana da Togo da Binin ana fitar da ita zuwa Turai da Amurka, inda ake kiwonta a akwatin gilashi yara na wasa da ita.

Amma gidan tsaka na asali, inda ire-irenta suka fi yawa, shi ne ƙasashe masu zafi, har da kurmi. A kurmin Kuros Riba da na Kamaru da Gana akwai wata mai ratsi-ratsi a baya, tana wuni a kogon itace, dare ya yi ta fito farauta a jikin kututture. Shekara da shekaru ana ɗaukarta iri guda ce daga wannan gefen kurmin zuwa wancan. A 2010 Adam Leaché da Matthew Fujita suka binciki ƙwayoyin gadonta, suka gano aƙalla iri huɗu ne mabambanta, kowanne da yankinsa. Abin da ya raba su shi ne kogin Sanaga na Kamaru, da kuma busasshen zirin nan na Togo da Binin da ya yanke kurmin gida biyu. Da aka zo raɗa musu suna a 2014, ɗaya aka sa mata Hemidactylus eniangii, don girmama Edem Eniang, masanin dabbobin daji ɗan Nijeriya. Ma'anar wannan bincike a fili take: kurmin da ake gani kamar ɗaya ne, kowane yanki nasa na iya riƙe da halittar da babu ita a ko'ina, in aka sare shi an tafi da ita ke nan.

Aikinta a kurmi aikin mai gadin dare ne. Da rana tsuntsaye da ƙadangaru ke cin ƙwari. Rana na faɗuwa sai su kwanta, a daidai lokacin da mafi yawan ƙwarin ke fitowa. Jemage ya ɗauki sama, kwaɗo ya ɗauki ƙasa da bakin ruwa, tsaka ta ɗauki jikin itace da ƙarƙashin ganye, tana cin gara da gyare da gizo-gizo da malam-buɗe-littafin dare, wanda tsutsarsa ke cinye ganye. Ita kuma abincin wasu ce: maciji, mujiya, manyan gizo-gizo. Ƙananan ƙwarin da mujiya ba za ta tsaya tsinta ba, tsaka ce ke tara su a jikinta ta miƙa mata. A Niu Zilan ma an ga masu fitowa da dare suna lasar zaƙin fure suna kwasar garinsa zuwa wani furen, suna cin 'ya'yan itace suna yaɗa irin. Girmansu kuwa ya bambanta ƙwarai. Wata da aka bayyana a 2001 daga wani tsibiri na Jamhuriyar Dominika jikinta bai wuce milimita 18 ba in an cire wutsiya, za ta iya naɗewa a kan kwabo. Wata ta Niu Kaledoniya kuwa ta kai tsawon damtsen mutum.

Wata 'yar Afirka kuwa ta yi ƙaura. Hemidactylus mabouia yanzu ta cika gidajen Burazil da tsibiran Karebiyan, ana kuma kyautata zaton a jiragen cinikin bayi kakanninta suka tsallaka teku. A wasu tsibiran har tana korar tsakar da ta tarar.

Mashi ba kurmi ba ce, amma aikin gadin daren bai sauya ba, wurin yin sa ne ya sauya. Tsohuwar kuka da gawo masu kogo da ɓawo suna raguwa, gatarin masu itacen girki bai bar su ba, sai tsaka ta dawo rumbu da zaure da bayan kwano. Ƙwan sola da ya yawaita a 'yan shekarun nan ya zame mata kasuwa, tunda shi ke tara mata ƙwarin unguwa wuri ɗaya. Tana cin 'ya'yan kyankyaso, da asu, da shinge, da ƙananan ƙwarin da ke shawagi a bakin rumbu, ba ta taɓa hatsi, ba ta ɓula buhu kamar ɓera. Tana cin sauro ma in ya zo gabanta. Sai dai a nan zan ja wa masu yabonta birki, domin na ji wasu 'yan boko na cewa a bar tsaka ta maye gurbin gidan sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba fitila yake bi ba, numfashin mutum da warin jikinsa yake bi cikin duhu, ita kuwa tana can gindin ƙwai tana fama da shinge. A ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya, ba tsakar da za ta hana ka ɗaura gidan sauro.

Wanda ba ya son ganinta a ɗaki yana da hanya ba tare da guba ba. A toshe tsagar bango, a sa raga a taga, a mayar da fitila waje nesa da ƙofa, a share kashin a wanke hannu. Inda ƙwari suka ragu ba ta zama.

A daren nan na shinge, da mutane suka fara watsewa, yaron ya samu yadda yake so. Ya saki silifas, ya sami ɗaya a gindin wutsiya. Wutsiyar ta faɗo kan benci tana ta mutsu-mutsu, yara biyu suka yi tsalle baya suna salati, dattijon ya ce, "Kun gani ko, ko ta mutu dafin na aiki." Ita kuwa mai wutsiyar tuni ta shige ƙarƙashin kwano. Ƙashin wutsiyar tsaka na da gaɓoɓi da aka halitta don su tsinke, tsoka ta matse jijiyar jini nan take, guntun ya ci gaba da rawa na 'yan mintuna don mage ko maciji su shagala da shi. Bayan wasu makonni sabuwa kan tsiro, sai dai guringuntsi ne a ciki maimakon ƙashi, launinta kuma bai cika dacewa da na jiki ba. Da na sake biyowa ta wurin gab da girbin gero, na tsaya shan shayi na ɗaga kai. Biyar na gani a gefen ƙwan, ɗaya da gajeriyar wutsiya mai santsi, launin toka, kamar an ɗinka mata ta aro.